Kwallin Alhaji Zarami

A shekara ta uku da aka yanka mana Jihar Arewa maso Gabas, babu macen da ta amsa sunanta mace a Jimeta da ba ta da tandun kwallin Alhaji Zarami a gindin madubinta. Ni ma ina da shi, ba zan yi ƙarya ba. Baƙi ne wuluk, ga laushi, ga wani sheƙi da ba a samu a na kowa. Daga Yola Gari matan manya ke aiko da mota musamman a saya musu. Mu da muke maƙwabtansa a Alkalawa har taƙama muke yi, kamar da hannunmu a ciki.

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasa, kuma ɗakin da ake niƙa kwallin yana jingine da ita. Daga hantsi zuwa la'asar ina jin dutse yana tafiya, gurr, gurr. Wata tsohuwa ce da ake kira Gogo take niƙan a da. Sai aka ce iska ta taɓa ta, aka mayar da ita ƙauyensu. Dutsen ya yi shiru mako biyu kacal, sai ga rasuwar Mele, ƙanen Alhaji, wanda mota ta kife da shi a hanyar Numan.

Matarsa Kellumi ta dawo gidan Alhaji zaman takaba, ita da 'yarta Gumsu mai shekara tara. Ran sadakar bakwai Alhaji ya kira ta gaban matarsa Ya Fanna.

"Kellu, zaman banza yana kawo tunani," in ji shi. "Wata huɗu da kwana goma ba kwana biyu ba ne. Ga ɗan aiki nan a ɗakin baya, ya riƙa ɗebe miki kewa."

Dabarar ba ta ɓuya ga kowa ba sai wanda ya so. Sirrin kwallinsa Alhaji yake tsaro. Mai takaba ba ta zuwa biki, ba ta zuwa kasuwa, ba ta tsayawa hira a bakin rijiya. Ba ta ma sa kwalli, balle a ce ta ɗiba. Ina zai sami ma'aikaciya kamar wannan? Mutane kuwa sai yabonsa suke yi, wai ya riƙe matar ɗan'uwa da marainiya.

Na saba da Kellumi tun kafin wannan, domin ita ke mana kitso. Allah ya yi mata hannu. In ta tsaga kai, sai ki rantse da zare ta auna. Ranar da na shiga yi mata gaisuwa na tarar ta cire 'yan kunnenta na zinariya, tunda mai takaba ba ta ado, tana saka wa Gumsu.

"Adda Zulai," ta ce da ni, "in na fita takaba zan kama ɗaki a Yolde Kohi, in ci gaba da kitsona. Ni da yarinyata, ba mu fi ƙarfin tsinken kitso ba."

Wannan shi ne dukan burinta a duniya, ta fita da 'yarta a hannu.

Sau ɗaya na ga cikin ɗakin, ran da Ya Fanna ta tafi suna. Ba taga ta kirki, sai wata 'yar ƙarama da aka cusa wa tsumma. Lokacin bazara ne, kuma wanda ya san zafin Yola ya san abin da nake nufi. Kellumi tana durƙushe tana niƙa dutsen kwalli, wani dutse mai ƙyalli da ake farfasawa da guduma. In ya yi gari sai ta buɗe wata 'yar kwalba da Alhaji ke samowa daga Garwa ta Kamaru a jirgin ruwa, ta ɗiga zaiba a kai. Zaibar ta gangara tana rarrabuwa ƙwaya-ƙwaya, tana gudu kamar mai rai. Ta yi ta murza su tare har farin ya ɓace cikin baƙin. Sannan ta juye a kasko bisa garwashi, tana juyawa tana fifita, fuskarta a kai.

"Me ya sa ake gasawa?" na tambaye ta.

"Alhaji ya ce sai zaiba ta ji wuta take mutuwa. In ta mutu ba ta cutar da ido."

"To ki buɗe ƙofar mana, ko kya sha iska."

"Ya hana, Adda. Wai akwai masu leƙe."

Ban yi minti goma a ciki ba na fito kaina yana sarawa. Na ce zafi ne, na sha ruwan randa na manta.

Wajen kwana arba'in ta fara cewa bakinta yana mata ɗanɗanon ƙarfe, kamar ta tsotsi kwabo. Tuwo ba ya zama a cikinta. Ya Fanna ta ce baƙin ciki ne, kowace mai takaba haka take yi. Bayan mako biyu dasashinta ya kumbura, in ta ci goro sai jini. Miyau kuma ya ƙi tsayawa, har ta riƙa yawo da ƙyalle a hannu. Ya Fanna ta ce rashin asuwaki ne, ta aika aka sayo mata na sisi.

Kowace Juma'a Kellumi takan yi wa Gumsu kitso a gindin dalbejiyar tsakar gida, ni kuma in zo da tankaɗena mu yi hira. Wata Juma'a na ga tsinken yana rawa a hannunta. Ta kai shi goshin yarinyar, ya kauce. Ta sake, ya soki fatar kai.

"Wayyo Inna, da zafi!"

"Yi haƙuri, uwata. Tsaya."

Ta danne hannun dama da na hagu, ta ja tsagar. Ta fito a karkace. Kellumi ta daɗe tana kallon wannan tsaga, sannan ta ɗago ta dube ni, ni kuma na sunkuyar da kai cikin rariyata. Ni na ƙarasa kitson ran nan, da hannuna mai kama da na noma.

Washegari Kellumi ta tari Alhaji yana fitowa daga wanka. Ina jin su ta katanga.

"Yaya, aikin nan yana ba ni ciwo. A ɗan hutar da ni."

"Subhanallahi! Ai ba dole, Kellu. Wa ya isa ya sa ki dole a gidan nan?" Muryarsa a sanyaye, kamar kullum. Alhaji ba ya faɗa, ko kaza bai taɓa daka wa tsawa ba. "Ki huta abinki. Ga Gumsu nan ta tasa, hannunta ya isa riƙe ɗan dutse. Sana'ar gidan ubanta ce, gara ta koya da wuri."

Kafin hantsi ya ɗaga na ji dutsen ya tashi, kuma na san hannun da ke kansa. Daga ranar Kellumi ba ta ƙara neman hutu ba. In Gumsu ta kawo mata ruwa, a bakin ƙofa take tsayar da ita, ta ce ta ajiye ta koma. Yarinyar har kuka ta yi mini, wai uwarta ta daina sonta.

Ana cikin haka sai ga maganar zobe. Ya Fanna ta shiga ɗakin niƙa don ɗura kwalli a tandaye, ta cire zobenta na zinariya da ta sayo a Makka, ta ajiye a gefen dutse ta manta. Da ta koma ɗauka da yamma, sai ta tarar da shi fari fat kamar gwangwani. Ihunta har bakin titi.

"An musanya mini! Ni za a yi wa wayo? Mun ba ki ɗaki, mun ba ki tuwo, abin da za ki saka mana ke nan?"

Kellumi tana tsaye jikin bango, jikinta yana ɓari, ta kasa haɗa kalma biyu. Dā mace ce mai baki, amma a kwanakin nan ko kallonta aka yi sai ta rikice ta nemi wurin ɓuya. Ya Fanna ta ce ga alamar rashin gaskiya nan kowa ya gani. Aka zazzage akwatinta a tsakar gida, har rigar marigayi da take ajiye da ita aka yar a ƙasa. Ba a sami komai ba.

Alhaji ya kai zoben wurin Ɗanburam maƙerin zinariya. Ɗanburam ya duba ya yi dariya, ya ce zoben ne dai, zaiba ce ta hau shi. Ya riƙe shi da awartaki a kan wuta, yana kau da fuskarsa gefe, farin ya tashi, zinariya ta dawo ja. Ya gargaɗi Alhaji cewa in aka bar zaiba a kan zinariya cin ta take yi har ta ruguje.

Ba wanda ya ba Kellumi haƙuri. Amma an kafa sabuwar doka a gidan, kuma an riƙe ta kamar farilla: kada wanda ya kuskura ya shiga ɗakin niƙa da zinariya a jikinsa. Ya Fanna ta ajiye wani ɗan tasa a bakin ƙofa. In za ta shiga, sai ta tuɓe zobe da warwaro da 'yan kunne ta zuba a ciki. Wannan tasa ta fi komai ƙona mini rai har yau.

Labarin zoben ne ya kawo Liyatu. Nas ce a asibiti, 'yar Numan, tana haya a bayan layinmu, kuma Kellumi ce mai kitsonta. Hausarta ba ta raba mace da namiji. Ina ba ta labarin don mu yi dariya, sai na ga ba ta yi ba.

"Zobe ya yi fari? Adda, ni ma ya taɓa faru da ni. Abin auna zafin jiki ya fashe a hannuna, zobena ya yi fari. Sista, babban nas namu, ya sa aka buɗe duk taga, aka fitar da marasa lafiya. Wannan ɗan kaɗan ne fa. Kai ni in gan shi."

Muka shiga da azahar, Alhaji yana kasuwa. Liyatu ta sa Kellumi ta miƙa hannuwa. Yatsun suna kaɗawa kamar ganye. Ta buɗe mata baki, ta taɓa haƙori ɗaya, ya motsa. Ta ce ta taɓa hancinta da yatsa, yatsan ya tafi kunci. Liyatu ta leƙa ɗakin, ta ja baya da sauri ta toshe hanci da gyale.

Ba mu ankara ba sai ga sallamar Alhaji. Ni na so in sulale, amma Liyatu ta tsaya.

"Alhaji, sannu da zuwa. Wannan mata ba iska ba ne, guba ne."

"Wace guba, 'yata? Kwalli ne. Kwalli kuwa sunna ne."

"Ban ce komai a kan sunna ba. Dutsen nan, wani ƙarfe wai shi antimoni ne a ciki da farar wuta, shi kansa in ƙurarsa ya shiga ciki yana sa amai. Amma zaiba ya fi mugunta. Kun ce yana mutuwa, ba ya mutuwa, Alhaji. In an niƙa shi ɓuya yake yi cikin baƙin. In ya ji wuta sai ya tashi, ba wari, ba a ganinsa, mutum ya shaƙa. Ya bi jini ya hau kai ya zauna. Abin da ya tashi daga zoben Hajiya, shi ne wannan mata yake shaƙa kullum. Ko masu sawa a ido ban ce sun tsira ba. A bar ni in kai shi wurin likita yau."

Alhaji ya gyara zaman hularsa, ya yi murmushi.

"Ubana ya yi wannan sana'a a Kukawa shekara arba'in, ya mutu da haƙoransa talatin da biyu."

"Shi yake niƙa da kansa?"

Alhaji ya kau da zancen. Ya ce, "Ke ba ki san addininmu ba, ban ga laifinki ba. Mai takaba ba ta fita. Saura kwana hamsin. In ta gama, ga asibiti ga ta."

"To a tsayar da aikin. Ko a buɗe taga."

"Allah ya yi miki albarka," in ji Alhaji. "A gaida mutanen gida."

Daga ranar aka hana Liyatu shiga gidan, wai tana ɗebo sirri tana kai wa 'yan kasuwa. Ta gaya wa likitansu, ya ce ba shi da ikon shiga gidan mutum ya ɗauko mace, sai an kawo ta. Ni kuma na tambayi maigidana, Malam Hamajoɗa, ko gaskiya ne mai takaba ba ta zuwa asibiti. Ya ce ba haka ba ne, lalura tana halatta fita, kowane ɗalibi ya san wannan. Na ce to ya je ya faɗa wa Alhaji. Ya ja carbinsa, ya ce maƙwabtaka abu ce mai wuya, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sahu ɗaya suke tsayawa da Alhaji sau biyar a rana, bai taɓa ce masa uffan ba. Ni ma da nake zaginsa a zuci, me na yi? Kunu nake miƙa wa Kellumi ta kan katanga, rabi ya zube kafin ya kai bakinta.

Wata rana na ce mata, "Kellu, ki gudu mana. Ki ɗauki yarinyar ku tafi."

Maganarta ta riga ta fara nauyi, sai na kasa kunne sosai.

"In na fita kafin kwanaki su cika, za su ce na karya takaba, ba ni da hankali. Alƙali zai ba su yarinya. Saura kaɗan, Adda. Ina ƙirgawa."

Da ƙwayar masara take ƙirgawa, kullum ta jefa ɗaya a gwangwani. Daga baya ɗaukar ƙwayar ma ta gagare ta, sai Gumsu ke jefa mata. Alhaji ya kawo masu rubutu, aka yi mata hayaƙi, aka yanka baƙin zakara. Bai yi ƙyashin kashewa a kan wannan ba ko kaɗan, duk unguwa ta shaida. Sallah ƙarama tana matsowa, mata suna ta aike, don haka tsakanin hayaƙi da rubutu sai a mayar da ita kan dutse. Haƙoranta biyu suka faɗi a mako guda. Gurr ɗin da nake ji ta katanga ya koma tsalle-tsalle, ya tafi, ya tsaya, ya sake tafiya.

Kwanaki suka cika ran wata Talata. Aka dafa shinkafar sadaka, mata suka taru. Aka yi mata wanka, aka ɗaura mata sabon zane, ni na kama mata kai. Sai Ya Fanna ta kawo tandu sabo fil, ta ce bisa al'ada mai fita takaba ita ke sa wa kanta kwalli da hannunta, a ga ta dawo cikin mata. Kellumi ta karɓi tsinken. Ta ɗaga shi, hannun ya yi ta kai da kawowa a gaban fuskarta. Ya shafi kunci, ya shafi goshi, ya kusa tsone mata ido. Miyau ya zubo kan sabon zanen. Wata ta yi salati, wata ta ja ɗanta baya.

"Kun gani da idonku," in ji Ya Fanna, har da hawayenta. "Mun yi iya yinmu. Abin da ya kama Gogo ne ya kama ta. Gidan nan akwai abin da ke bin mata."

Liyatu ta aiko a gaya wa Alhaji kwanaki sun cika, ga asibiti. Ya ce ai ya riga ya yanke shawara mafi alheri, zai mayar da ita wurin danginta a Borno, can ne aka san maganin irin wannan. Har kujerar gaba ya kama mata a mota, ya haɗa ta da buhun gero. Da na ji, na shiga ba ko sallama.

"Alhaji, Gumsu fa?"

"Haba Zulaihatu. Wadda ba ta iya kai loma bakinta, ita za a ba riƙon yarinya? 'Yar ƙanena ce, amana ce a wuyana. Me zan gaya wa Mele ran gobe?"

Da safe aka fito da ita zaure, aka zaunar da ita kan tabarma ana jiran motar. Ba ta yi gardama ba. Ina jin ta lallashi kanta da cewa ko ba komai ta cika kwanakin, kuma ta ji Alhaji yana cewa zai nemo wata mai niƙa daga ƙauye. Ta ce in kira mata Gumsu. Yarinyar ta zo ta durƙusa a gabanta. Kellumi ta ɗora hannuwanta masu rawa a kan yarinyar, ta shafa kitson, ta gangaro zuwa kunne. Sai ta tsaya. Ta laluba ɗayan kunnen.

"Ina 'yan kunnenki?"

"Ya Fanna ta cire ɗazu, Inna. Ta sa a tasa. Ta ce kada su yi fari."

Ban taɓa jin ƙara irin wadda Kellumi ta yi ba, kuma ba na fatan in sake ji. Ta yunƙura za ta tashi, ƙafafun suka ƙi. Ta riƙe zanen yarinyar, yatsun suka kasa damƙewa, zanen ya zame. Tana ta magana, amma harshen ya riga ya mutu, ni kaɗai na gane abin da take cewa: a buɗe taga, a buɗe taga.

"Abin ya motsa," in ji Alhaji. "Ku kama ta a hankali, kada ta ji ciwo."

Maza biyu suka ɗauke ta suka sa a mota. Ina tsaye a wurin da hannuwana biyu lafiyayyu, ban yi komai da su ba.

Na dawo gida na ɗauki tanduna na jefa a masai, kamar wannan zai rage wa wani wani abu. Sallar nan mata suka yi ado, idanu baƙi wuluk daga Jimeta har Yola Gari, ana ta sa wa Alhaji albarka. Ba a tuhumi kowa ba, domin a wurinmu ba a yi laifi ba. An riƙe marainiya, an kai marar lafiya gida, an kiyaye takaba, an kiyaye zinariya.

Mai niƙa daga ƙauye ba ta taɓa zuwa ba. Ran da motar ta tafi, kafin azahar, dutsen ya tashi a bayan katangata. Sautin bai kai na dā nauyi ba, kuma yakan tsaya akai-akai, saboda ɗan dutsen ya yi wa hannun girma.